Ƙyauren Gabas: Tsakanin Fentin Mai da Fentin Ruwa

Ƙofar gidanmu gabas take kallo, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wahalar da ke kan irin wannan ƙofa. Hadarin damina daga gabas yake haɗowa. Iskar da ke gabansa ta kwaso yashi ta watsa wa ƙyaure, ruwan ya biyo baya a karkace ya yi ta dukansa har ya kwararo zaure ta ƙarƙashi, gari na wayewa kuma rana ta same shi a jiƙe ta hau gasa shi. Maginan dā sun san haka, shi ya sa bangon gabas ya fi shan makuba lokacin yaɓe. Namu ƙyauren na ƙarfe ne, aikin mai walda, ya girmi wasu daga cikin ƙannena.

Shekarar da aka aurar da ƙanwata an yi wa gidan fenti ciki da waje. Da aka gama bango sai fenti ya yi saura a bokiti, ga ƙyaure ya koɗe, ga biki saura kwana biyu. Aka ce a shafa masa ragowar. Da hantsi aka shafa, kafin la'asar ya bushe ƙarau, ba wari ba danƙo, 'yan biki suka yi ta shige da fice babu wadda atamfarta ta ɓaci. Kowa ya yaba. Amma watan Agusta bai ƙare ba sai ga jan ruwa yana gangarowa daga bakin walda kamar hawaye, gindin ƙyauren ya kumbura ya yi bororo, in yaro ya sa farce sai fentin ya biyo shi kamar ɓawon albasa. Tun ranar na yanke wa fentin ruwa hukunci, na ce ba shi da hurumi a ƙofar waje. Na daɗe a kan wannan ra'ayi kafin na gane rabin hukuncin ne kaɗai ke kan hanya.

Abin da muka shafa emolshan ne na bango, irin na bokiti mai lita 20. Don siminti aka yi shi, garinsa ya fi danƙonsa yawa, kuma bango ba a buga shi, ba a murɗa shi, ba ya tsatsa. Akwai wani fentin ruwan daban da ake kira akirilik, wanda aka haɗa domin katako da ƙarfen waje, danƙonsa ya fi na emolshan nesa ba kusa ba. Shi ne ainihin abokin karawar fentin mai, wato gilos ɗin nan da muka sani a gwangwanin lita 4 da kasuwa ke kira galan. Sai dai a yawancin shagunanmu in ka ce a ba ka na ruwa, emolshan za a miƙo maka, daga nan ruɗanin yake farawa. Laifin ƙarami ya shafi babba, sunansu ɗaya a bakinmu.

Bambancin fentin mai da akirilik duk yana komawa ga yadda kowannensu yake bushewa. Gilos asalinsa man tsiro ne, irin su man waken soya, da aka dafa da wasu sinadarai har ya zama danƙo. A Amurka aka ƙago wannan haɗi cikin shekarun 1920. Bushewarsa hawa biyu ce. Da farko tinar da ke cikinsa ta tashi, ita ce warin nan da ke cika zaure ya sa mutum ciwon kai. Sannan man ya fara shan iska yana ƙullewa a hankali har ya zama ɓawo. Wanda ya taɓa buɗe tsohon gwangwani ya tarar da fata ta rufe saman fenti, to ya ga wannan aikin da idonsa. Yakan ɗauki awa 6 zuwa 8 kafin a iya taɓa shi, kuma sai ya kwana, awa 16 zuwa 24, kafin a ƙara masa shafi na biyu. Nawar nan ita ce sirrin kyansa. Yana samun lokacin kwanciya, sawun buroshi ya baje da kansa, ya gangara cikin lungun walda, ya fito sumul yana ɗaukar ido kamar jikin tangaran.

Akirilik kuwa ƙwayoyin roba ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna yawo cikin ruwa kamar maiƙo cikin madara. Ruwan na tashi sai su matsu, su manne da juna, su zama fata guda. A 1953 kamfanin Rohm and Haas na Amurka ya fitar da irinsa na fentin gida. Awa ɗaya zuwa biyu ya bushe, bayan awa 4 a ƙara shafi, ka wanke buroshinka a bakin famfo. A zafinmu ma bai kai haka ba, kuma wannan ba koyaushe alheri ne ba: a jikin ƙarfen da rana ta gasa, a bakin buroshi yake bushewa, ya bar maka layi-layi kamar kuyya. Sannan bushewar sama daban, nuna daban. Yakan yi mako 2 zuwa 4 kafin ya yi ƙwari sosai, a tsakanin nan in aka matse ƙyaure da firam sai su kama juna, a buɗe da safe a ji ƙara, a ga ya ɗauke.

Shekarar da muka tashi gyara abin da ya lalace, cikin watan Disamba ne, hazo ya rufe gari. Na ɗauko wani dattijo da ya tsufa a sana'ar. Ya tsaya ya dubi ƙyauren, ya ɗaga kai ya dubi sama, sannan ya goga yatsa a bayan kwaɗo ya nuna mini.

"Ɗana, ka ga wannan? Jiya da dare aka taɓa kwaɗon nan, yau ga shi fari fat. In na shafa maka na mai yanzu, wuni zai yi yana kama duk abin da iska ta kawo. Gobe ka fito ka tarar da samfefa a ƙofar gidanka."

Na ce, "To Baba, yaya za a yi?"

"Ko dai a cire shi a shigar da shi ɗaki ku kwana biyu ba ƙofa, ko ka yi haƙuri ka bar shi."

Babu maigidan da zai kwana biyu ba ƙofa, shi ma ya san haka. A nan na fara ganin inda fentin ruwa ya yi wa na mai fintinkau. Ƙyauren waje dole ya rufu da dare, kuma shekararmu ba ta bar wa fenti mai nawa fili da yawa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura, daga Maris zuwa Mayu zafin da ƙarfe ba ya taɓuwa, daga Yuni zuwa Satumba hadari na iya haɗowa kana tsakiyar aiki. Abin da ya rage shi ne kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauko, 'yan makonni ne cikin Oktoba da farkon Nuwamba. Mu kuwa ba da kaka muke lissafin fenti ba. Da Sallah muke yi, da biki, da dawowar alhazai, kuma Sallah kowace shekara tana matsowa da kwana 10 ko 11, wata shekara ta faɗo cikin ƙura, wata cikin ruwa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma yawancin ƙofofinmu a jajibiri ake shafa su. Wanda lokaci ya ƙure masa haka, fentin da zai bushe tsakanin hantsi da azahar ya fi masa rufin asiri.

To amma bayan ya bushe fa? Sai a duba abin da ƙofar gida take gani a wuni ɗaya. Almajiri ya ƙwanƙwasa da gindin robarsa. Mai ruwa ya shigo da jarkoki yana gogar gefe. A tura babur zaure da magariba, hannun birki ya karci wuri ɗaya yau da gobe. Yara su mai da ita ragar ƙwallo, akuyar maƙwabta ta zo ta sosa jikinta, yarinya ta dawo daga aike da manja a hannu ta tura. Kwaɗo kuma kullum yana lilo a kan sakata har ya zana rabin da'ira. Irin wannan duka fentin mai ne ke iya ɗaukarsa. Ɓawonsa yana da tauri, a sa tsumma da sabulu a goge ya dawo fes. Akirilik fata ne mai taushi, in rana ta dafa shi yakan ƙara laushi ƙura ta lafe masa, kuma inda hannu ya fi taɓawa, kusa da mariƙi, maiƙon hannu yakan sa ya yi danƙo ya yi baƙi.

Ga kuma tsatsa, wadda ita ce ajalin ƙyauren ƙarfe. Fentin mai ya fi toshe hanyar ruwa. Na ruwa kuwa, sunansa ma ya faɗa: ruwa ne kake shafa wa ƙarfe, in ƙarfen tsirara yake, kafin fentin ya gama bushewa za ka ga ɗige-ɗigen tsatsa sun ɓullo ta cikinsa. Dukansu biyun suna bukatar shimfiɗa, wato jan fentin nan na hana tsatsa da masu walda ke shafawa kafin su ba ka kaya. Sai dai in an yi sakaci wajen shimfiɗar, na mai yakan rufa wa mai aiki asiri na ɗan lokaci, na ruwa kuwa a daminar farko yake tona shi. Abin da ya sami namu ƙyauren ke nan: jan fentin asali ya riga ya cinye a gindi da bakin walda, aka zo aka ɗora emolshan a kan tsohon gilos mai santsi ba a ko karce shi ba.

Rana ita ce ke rama wa akirilik. Fentin mai ba ya daina shan iska har ƙarshen rayuwarsa, taurin da ake yabonsa da shi kullum ƙaruwa yake har ya koma gautsi. A Kano cikin Afrilu zafin inuwa yakan haura digiri 40, baƙin ƙarfen da ke fuskantar rana kuwa yakan wuce 60. Ƙarfe ya buɗe da rana, ya tsuke da dare, fentin da ya yi gautsi ba zai iya bin sa ba, sai ya tsattsage. Kafin nan ma ƙyallinsa ya tafi, ka shafa hannu ka ga gari kamar alli. Jan ya koma ruwan hoda, shuɗin ya yi fari-fari. Akirilik yana miƙewa yana dawowa tare da abin da aka shafa shi a kai, kuma launinsa yana daɗewa bai koɗe ba. Ƙofar da ke kallon yamma, wadda ke shan ranar azahar zuwa la'asar ba rumfa ba bishiya, ta fi kowace nuna wannan bambanci. Wani abin lura kuma, farin gilos a cikin duhu yake yin rawaya, shi ya sa za ka ga bayan ƙyaure ta cikin zaure ya koma ruwan ƙwai alhali fuskarsa ta waje tana nan fara. Kowanne mutum ya zaɓa, launi mai haske ya fi tausaya wa ƙofa da ma tafin hannun yara.

Duk wannan maganar ƙarfen walda ce. Da an sauya ƙyaure sai lissafi ya juye. Katako yana numfashi: ya sha laima ya kumbura da damina har ƙofa ta ƙi rufuwa, hunturu ya zo ya tsotse shi har ka hango haske ta tsakanin allunan. Ba na jin akwai jarrabawar da ta fi wannan tsanani ga fenti. Gilos yakan fashe a mahaɗar alluna, ruwa ya shiga ta tsagar, ɓawon ya hana shi fita, katako ya riƙa ruɓewa a ɓoye fuska tana ƙyalli. Akirilik yana barin laima ta fice, yana kuma bin motsin itacen. A ƙofar katako ba ni da wata tantama, shi zan zaɓa.

Sai ƙofar kwano, wadda ta fi kowace yawa a unguwannin talakawa da ƙauyuka, kafinta ya haɗa firam na katako ya buga masa kwanon rufi. Mutane kan yi mamakin yadda gilos ke saɓulewa daga jikinta falle-falle, su ce fentin jabu ne. Sau da yawa fentin lafiyarsa lau. Kwanon rufi an lulluɓe shi da sinadarin zinki don kada ya yi tsatsa, shi kuma zinki in ya haɗu da man da ke cikin gilos sai su haifar da wani abu mai kama da sabulu a tsakaninsu, fentin ya rasa abin kamawa. Haka yake yi a kan sabon siminti ma. Akirilik ba shi da man da zai yi wannan faɗa. Abin da ke damuna shi ne ƙofar mai ƙaramin ƙarfi ce ta fi bukatar fentin da ya fi wuyar samu a shagon unguwa.

Ban so in wuce batun sirki ba, domin laifuffuka da yawa da ake ɗora wa fenti a nan suke. Don gwangwani ya yi auki, wasu sukan tsinka gilos da fetur ko kananzir har ya koma kamar shayi. Fetur yana tashi da sauri ya kashe ƙyalli, ga hatsarin gobara a zauren da ake wucewa da garwashi. Kananzir kuma ya sa fenti ya kwana biyu yana danƙo. Na ruwa shi ma ana yi masa haka da ruwan famfo. Alhali lita ɗaya ta gilos tana rufe wajen murabba'in mita 10 zuwa 12, ƙyaure mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 kuwa ciki da waje murabba'in mita 4 ne. Ƙaramin gwangwani ɗaya ya isa shafi biyu ba tare da an cuce shi ba. Bango ne ke cin fenti har a yi tunanin tsimi. A ƙofa ɗaya tak, araha ba ta ado.

Akwai abin da ya fi ƙyalli da tsatsa nauyi a wurina, shi ne dalma. An daɗe ana sa ta cikin fentin mai, don launin rawaya da ja da kore su fito, don ya yi saurin bushewa, don ya hana tsatsa. Fentin ruwa da wuya a same ta a ciki. Amurka ta hana ta a fentin gida tun 1978, ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai kuwa shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jiki da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi taɓawa. Mu ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara. Waccan daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙura, hannu, baki. Ka tuna wa ke zama a dokin ƙofa. Mai rarrafe ne, da mai ɓantarar fenti da farce, da mai cin gyaɗa a ƙasa. Saboda haka duk wanda zai kankare tsohon gilos, ya jiƙa samfefarsa da ruwa don kada ƙura ta tashi, ya shimfiɗa buhu ya tattara abin da ya zuba, ya kori yara daga wurin, kada kuma ya ƙona fentin da wuta. Wanda zai sayi sabo ya nemi na kamfanin da aka sani, mai rubutu a jikin gwangwani cewa babu dalma, ya guji wanda ake aunawa a kwalba ba suna ba adireshi. A wannan fage fentin ruwa ya yi gaba, ban ga abin da zan kare na mai da shi ba.

Ƙasashen Turai sun karkata ga na ruwa ne musamman bayan dokar Tarayyar Turai ta rage yawan tinar da aka yarda a sa a fentin gida, a 2007 sannan aka ƙara matsawa a 2010. Na yi imani mu ma can muka nufa, kuma zan yi murna da ranar da akirilik na ƙarfe da shimfiɗarsa za su cika shagunan unguwa yadda gilos ya cika su. Yau dai sai ka nemi manyan shagunan wakilan kamfanoni, kuɗinsa ya fi, masu fentin da suka saba da hannunsa kuma ba su da yawa. Don haka in aka tambaye ni yanzu, ƙyauren ƙarfe mai fuskantar titi da ruwan gabas na mai zan ba shi, da sharaɗin a jira lokacinsa kuma a san inda aka sayo shi. Katako da kwano kuwa na akirilik ne. Wanda bai san me ke jikin ƙofarsa ba, ya jiƙa auduga da sifirit ya goga a lungu: in launi ya biyo audugar na ruwa ne, in bai biyo ba na mai ne, sai an karce shi an sa shimfiɗa kafin a ɗora masa na ruwa.

Namu ƙyauren mun jira har Oktoba. Dattijon ya zo da buroshin waya da samfefa da bokitin ruwa, ya yi wuni biyu cur yana kankara bai buɗe gwangwani ba, har ƙarfen gindi ya fito fari. Ya kira mai walda ya toshe ramuka biyu da tsatsa ta huda. Rana ta uku ya shafa ja. Ta huɗu, ana idar da sallar asuba ya yayyafa ruwa a ƙofar gida don ƙura ta kwanta, ya fara da gefuna don su riga sauran bushewa, ya ajiye madubi a ƙasan ƙyauren ya shafe har ƙarƙashinsa inda ido ba ya kaiwa. Muka tokare shi da dutse, ƙanena ya zauna a benci yana tare yara da awaki har bayan isha'i. Washegari aka ƙara shafi na biyu, shuɗi mai haske. Ƙofar katako ta bayan gida kuwa akirilik muka sa mata, a wuni ɗaya aka gama.

Damina uku ke nan. Ta bayan gida launinta na nan yadda yake, sai baƙin hannu kusa da sakata. Ta gabas ƙyallinta ya ragu daga sama inda ranar safe ke fara sauka, kwaɗo ya sake zana rabin da'irarsa, amma jan hawayen nan bai dawo ba. Ragowar gwangwanin yana kan katangar zaure a kife, murfinsa a ƙasa don kada iska ta shiga, duk watan Mayu kafin ruwan farko nakan ɗauko shi in bi gindin ƙyauren da bakin walda.